Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Sharhi Kan Fita Ƙasar Waje da Iyali

Jama'a masu sauraronmu a Anka da Gummi da Bukkuyum, da ƙauyukan da ke zagaye da su. Akwai wata magana da a da samari kaɗai ke yin ta a bakin tasha ko a teburin mai shayi, yanzu kuwa ta shigo zauren magidanta: maganar kwashe iyali gaba ɗaya, mata da yara, a bar ƙasar. Wani Saudiyya yake hange, wani Nijar ko Gana, wani Aljeriya ko Libiya, ɗan bokon da ya karanta aikin jinya kuma idonsa na kan Ingila. Ba wanda zai ga laifinsu. A yankin nan namu ne a shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega da maƙwabtansu. Nan ne a farkon watan Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kusa 200. Nan ne manomi kan biya ɓarayin daji kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya yi girbi, sannan ga ambaliyar daminar 2024 da ta rushe gidaje masu yawa a garin Gummi. Uban da ya ce zai fitar da 'ya'yansa daga cikin wannan hali da hankalinsa yake magana. Abin da sharhinmu na yau zai tsaya a kai shi ne ta inda ake farawa. Yawancin masu wannan niyya daga kuɗin mota da neman ejan suke farawa, ni kuwa a ganina daga takardar yaro ya kamata a fara, kuma duk shirin tafiyar da ba a auna shi da matsayin da yaro zai samu a can ba, shiri ne na mutum ɗaya da aka jingina wa iyali.

Dalili kuwa shi ne babba da yaro ba iri ɗaya rashin takarda ke yi musu ba. Namiji baligi zai iya shekara biyar a ƙasar wasu ba izinin zama. Ya kwana a shago, ya yi dako ko wankin mota, in ya hango askarawa ya sha kwana, ran da dubunsa ta cika a saka shi a jirgi ya dawo da 'yar jakarsa, garinsu ya san shi, gonar ubansa na nan. Amma shekara biyar a rayuwar ɗan shekara shida ita ce kusan firamarensa gaba ɗaya. A ƙasashe da yawa makarantar gwamnati ba ta ɗaukar yaron da ba shi da takardar zama, asibiti na neman ta, allurar rigakafi ma sai an yi dabara. Ba sai mun je nesa neman misali ba, domin ba unguwar da ba ta san labarin 'yan takari ba. Saudiyya ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa don kawai an haife shi a cikinta. Saboda haka akwai 'ya'yan Hausawa da aka haifa a lungunan Jidda da Makka, suka girma ba su taɓa zama a ajin makarantar hukuma ba, ba su da igama, wato takardar zama, ba su da fasfo. Da hukumomin Jidda suka shiga rushe tsofaffin unguwanni irin su Karantina tun daga ƙarshen 2021, irin waɗannan iyalai suna cikin waɗanda suka fi rasa wurin sa kai, domin kama haya a sabuwar unguwa ma takarda yake nema. In aka kama su sai tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora, a Shumaisi, daga nan sai filin jirgin sama na Kano, a sauke saurayi mai shekara goma sha takwas, Larabci a bakinsa, a ce masa ga ƙasarka, alhali ko sunan ƙauyen ubansa bai iya faɗa daidai ba. Tsarin mulkin Najeriya ya ce duk yaron da aka haifa a waje, muddin uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan Najeriya ne. To amma doka ta faɗa, wa zai shaida? Sai takarda, ita ce kuwa iyayen ba su nema ba tun farko.

Mu dubi yadda abin yake a gidajenmu. In aka yi haihuwa, ranar bakwai a yanka rago, liman ya raɗa suna, wanzami ya yi aski, a raba goro da dabino, mata su cika gida da yamma. Ranar arba'in maijego ta gama wanka, ta ci ado, ta fita yawon gaida dangi. Duk wannan hidima ba ta kai wurin jami'in Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, alhali tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa, ta kuma ba da kwana sittin a yi ta ba ko kwabo. Ke nan da suna da arba'in duk suna cikin wa'adin. Sai bayan shekara goma, ranar da aka tashi neman fasfo, a fara lissafin dawa: an haife shi daminar da aka kwashe yara zuwa asibitin Anka saboda dalma, ko kuwa wadda ta biyo baya? Uwa ta ce kaza, kaka ta ce kaza, malamin da ke cika takarda ya gaji ya rubuta ɗaya ga Janairu. Ga kuma rikicin suna. Sunan yanka Muhammadu, amma uwa na alkunya ba ta faɗa, gida na kiransa Ɗanjuma, makarantar allo Mamman, hedimasta ya rubuta Mohammed, mai ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa ya rubuta Muhammad. Sunan mahaifi kuma a wata takarda Garba, a wata Abubakar, a wata an ɗora sunan gari. Mu a wurinmu duk mutum ɗaya ne. Kwamfutar Hukumar Shige da Fice ba ta san alkunya ba. Yanzu ba a ba da fasfo sai da lambar NIN, yaro ma yana da tasa wadda ake haɗa ta da ta uba ko uwa, kuma in harafi ɗaya ya saɓa tsakanin lambar da takardar haihuwa, aiki ya tsaya har sai an gyara, gyaran kuwa na iya cin watanni da zirga-zirgar Gusau a kan hanyar da kowa ya san halinta. Don haka aikin farko ba ya bukatar ejan: a zauna da uwar yara da kakarsu, a tsayar wa kowane yaro suna ɗaya da rubutu ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, a karɓo takardar haihuwa, a yi lambar, a adana katin rigakafi da sakamakon makaranta, a ɗauki hoton kowace a waya, a kuma ajiye kwafi wurin wani ɗan'uwa da ke birni.

Daga nan sai lissafin kuɗi, wanda shi ma yara ne ke sauya shi. Tun daga farkon watan Satumban 2025 ƙaramin fasfo mai shekara biyar naira 100,000 ne a cikin ƙasa, kuma jariri ma nasa daban, ba a goya shi a na uwa. Magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar, fasfo bakwai ke nan, naira 700,000 tun bai tambayi kuɗin biza ba, bai sayi tikiti ba, bai yi allurar shawara da ake ba da katin nan mai ruwan ɗorawa a kanta ba. Wanda wannan adadi ya tsorata shi ya gode wa Allah da ya ji shi tun yana gida, don kuɗin haya da makaranta da asibiti a can sun fi haka nauyi. Akwai kuma wani abu da al'adarmu ke ɗauka da sauƙi, iyakar ƙasa kuwa ba ta ɗauka haka, wato riƙo. Gidaje da yawa a yankin nan suna riƙe da ɗan wa ko 'yar ƙanwa, musamman marayun da rikici ya bari. A gida ɗanka ne. A bakin iyaka kuwa, in ba takardar amincewar iyayensa ko ta kotu, jami'i na iya ɗaukar ka mai safarar yara, ya miƙa ka ga hukumar NAPTIP, kuma bai yi kuskure a aikinsa ba.

In takardun gida sun kammala, tambaya ɗaya ce ya kamata mai niyya ya riƙe, ya yi ta maimaita ta ga duk wanda ya yi masa tayin hanya: izinin da zan samu ya haɗa da matata da 'ya'yana a rubuce? Bizar Umara ta ziyara ce, ba ta ba ka damar aiki ko zama, wanda ya wuce wa'adinta ya zama abin farauta shi da duk wanda ke tare da shi. Igamar da kafili ke yi wa lebura ko direban gida galibi ta mutum ɗaya ce, kawo iyali na da nasa sharuɗɗan na irin sana'a da yawan albashi. Ingila da 'yan bokonmu ke so, tun Janairun 2024 ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, a watan Maris na shekarar kuma ta hana masu aikin kula da tsofaffi. Sannan dokarta mace ɗaya ta sani, wanda ke da biyu ko uku sai ya tsaya ya yi tunanin wadda zai bari da 'ya'yanta, ya kuma tambayi kansa ko adalcin da addini ya ɗora masa zai yiwu a haka. Cacar bizar Amurka kuwa, wadda har yanzu wasu ke karɓar kuɗin mutane a kanta a Facebook da WhatsApp, an cire 'yan Najeriya daga cikinta fiye da shekara goma da suka wuce. Duk ejan da ya ce maka ku dai ku shiga, in kun isa a gyara, ya faɗa maka gaskiya ba da saninsa ba, cewa babu izinin.

Maƙwabta sun fi sauƙi, kuma ga yawancin mutanen yankinmu nan ne abin zai fi yiwuwa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Gana ko Benin ko Togo ba biza, ya zauna har kwana casa'in. Bayan nan sai ya nemi takardar zama, abin da da yawa ke mantawa. Nijar kuwa, duk da harshe ɗaya da auratayya, ta fita daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, kafin nan ma mun ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris na 2024. Wanda ya bar rabin iyalinsa a Gummi rabi a Ƙonni ya san abin da watannin nan suka yi masa. Kuma yaron da ya kai aji huɗu da Turanci, in ya shiga makarantar Maradi ko Tawa da Faransanci zai tarar da ita, wataƙila a mayar da shi baya.

Hanyar hamada ba ta cancanci doguwar muhawara ba in da yara. A watan Oktoban 2013 motoci suka lalace da wasu matafiya a arewacin Arlit kan hanyarsu ta zuwa Aljeriya, aka tsinci gawa 92, daga ciki 52 yara ne, yawancinsu daga kudancin Nijar, masu harshe da abinci irin namu. Soke dokar hana safarar baƙin haure da sojojin Nijar suka yi a Nuwamban 2023 ya sa motoci sun ƙara fitowa fili a Agadas, amma bai ƙara rijiya ko ɗaya a hanya ba. Waɗanda suka isa kuma, in hukumomin Aljeriya suka kwaso su, a tsakiyar rairayi ake sauke su, su taka kimanin kilomita goma sha biyar zuwa Assamaka. Mai sauraro ya kwatanta wannan tafiya da goyo a baya, da ɗan shekara huɗu a hannu.

Na san akwai mai cewa kakanninmu ai da ƙafa da jakuna suka tafi, ba fasfo ba biza, suka kafa zango a Kumasi da Akara, suka kafa garuruwa a Sudan. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya ja jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Kogin Nilu, dubban maniyyata kuma suka yi ta tsayawa suna noman auduga a Jazira don neman guzurin Makka. Amma mu bi labarin har ƙarshensa. Da Sudan ta zo tsara dokar zama ɗan ƙasa, sai ta nemi mutum ya nuna kakanninsa na ƙasar tun kafin 1898, 'ya'ya da jikokin waɗannan matafiya suka daɗe suna faman tabbatar da cewa su 'yan ƙasa ne. A watan Yulin 2022, shekara fiye da ɗari bayan Burmi, an yi rikici a jihar Shuɗin Nilu kan ƙasa da sarauta, aka kashe mutane da dama, tushen maganar kuwa shi ne har yanzu wasu baƙi suke ɗaukar Hausawa. A Gana, a 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice, aka koro har da waɗanda a can aka yanke cibiyarsu. Mu ma mun yi wa wasu haka a 1983. Ke nan ko a zamanin da ake tafiya ba takarda, waɗanda suka tafi sun ci riba, 'ya'yan da suka haifa ne aka zo ana tambaya. Yau kuwa da ake ɗaukar zanen yatsa da hoton ido a kowace tashar jirgi, tambayar ba ta jira sai jikoki.

Magana ta biyu ta fi wannan nauyi, ba kuma zan yi mata gaggawa ba. Akwai mai cewa: malam, kana zancen takarda, mu an ƙone mana gari da dare, da kayan jikinmu muka fito. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Wannan haka yake, kuma wanda ake harbi ba a ce masa ya tsaya neman fasfo. Amma a bambanta gudun ceton rai da ƙaura. Mai gudu mafaka mafi kusa yake nema, cikin garin Anka ko Gummi, ko Gusau ko Sakkwato, kamar yadda dubbai suka yi. Tun 2019 dubun-dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina, galibinsu mata da yara, suka tsallaka zuwa jihar Maradi, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Su ma abin da aka fara yi musu shi ne rajista, domin da ita ake raba abinci, da ita yaro ke shiga aji, da ita ake haɗa wanda ya ɓace da iyayensa. Ashe ko a tsakiyar gudu, rubuta sunan yaro shi ne ya raba wanda hukuma ta san da zamansa da wanda ba ta sani ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda 'yan damfara ke shiga tsakanin waɗannan biyu. Suna samun mutumin da ya riga ya tsira, yana zaune a makaranta ko kangon gini a cikin gari, zuciyarsa a dagule, su ce ya sayar da abin da ya rage su kai shi Libiya ko Saudiyya da iyalinsa. Wanda ya tsira daga harsashi ya sami abin da bai da shi jiya, wato lokaci, kuma watanni uku da zai yi yana haɗa takardun yara a Gusau ba su kai hatsarin kwana uku a bayan akori-kura a cikin Sahara ba.

Sai kuma mai cewa in uba ya fara yin gaba shi kaɗai don ya share hanya, ai an raba iyali, an bar mace da yara a inda ake gudu. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma mun ga 'yan ci-rani da suka ce damina ɗaya, suka shekara goma, wasu har suka yi sabon aure suka manta baya. Duk da haka ina ganin tafiyar uba da farko, ta halattacciyar hanya, ta fi kwasar kowa a tafi kan jita-jita, in dai an cika wasu sharuɗɗa. A fara matsar da iyali wuri mai dama-dama a cikin ƙasa, kusa da dangi da makaranta. A yi shawara da matar tun daga tushe, domin ita za ta zauna da yara a ɗaki ɗaya a garin da ba ta jin yarensu, ba uwa ba ƙanwa ba maƙwabciyar da za ta miƙa wa goyo, ba daidai ba ne a ce sai ranar ɗaure kaya za ta ji. A sa wa'adi a gaban shaidu, shekara ɗaya ko biyu: in takardar zama mai ɗauke da sunan iyali ta samu su biyo, in ba ta samu ba ya dawo. Gona kuma kada a sayar. Na san a yau gonar da ke Gwashi ko Bagega ba ta da daraja a idon wanda ya kasa zuwa nomanta, mai saye ma arha zai nema. Amma a ba da ita aro ko jingina a rubuce ya fi, don waɗanda yaƙin Sudan ya koro a 2023 da waɗanda ake saukewa daga jiragen Libiya sun nuna mana cewa ƙasar da aka gudu zuwa ita ma tana iya kamawa da wuta, kuma wanda ya dawo ya tarar da ƙasar nomansa ba ɗaya yake da wanda ya dawo tasha ba.

Nauyin duk bai kamata ya tsaya a kan iyaye ba. Ba adalci ba ne a ce wa mutumin Nasarawar Burkullu ko Adabka ya je Gusau sau uku don gyaran harafi ɗaya, a kan hanyar da ake tare motoci. Haihuwa da yawa a yankin nan a gida ake yin ta, a hannun ungozoma, saboda haka jami'in rajista da ke zaune a asibitin gari yana jiran a zo masa ba zai ga yawancin jarirai ba. Masu allurar shan-inna sun daɗe da nuna cewa ana iya bin gida-gida har cikin rugage. Abin da zai hana a haɗa su da littafin rajista, ko a ba limamai da masu unguwanni aikin kai sunan duk jaririn da aka raɗa wa suna a makon, ƙarancin niyya ne kawai. Masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum suna da hakimai da dagatai da suka san kowane gida, har da gidajen da suka watse. Su ne za su iya shaidar yaron da takardunsa suka ƙone tare da ɗakin uwarsa. Shugabannin ƙananan hukumomin nan uku kuma suna iya neman Hukumar Ƙidaya da hukumar katin ɗan ƙasa su riƙa kafa teburi ranar kasuwa, da kuma a wuraren da 'yan gudun hijira ke zaune, ko da sau ɗaya ne a wata, da janareta da na'urar ɗaukar hoto, a yi wa yara takardar haihuwa da lambarsu a zama ɗaya, kuma a karanta wa uwa ko uba sunan da aka rubuta kafin a buga.